Banaras ko Ujjain: ina ya fi dacewa a je ganin ɗakin bautar Kal Bhairav?

A birnin Banaras da ke bakin Kogin Ganga a ƙasar Indiya, idan aka turo sabon babban jami'in 'yan sanda ko na mulki, al'adar garin ita ce ya fara zuwa wani ɗan lungu a unguwar Visheshwarganj ya kai gaisuwa kafin ya zauna a kujerarsa. Wanda ake kai wa gaisuwar wata fuska ce ta azurfa da ke leƙowa daga cikin tarin furanni, wadda mabiya addinin Hindu ke kira Kal Bhairav, suke kuma yi wa laƙabi da Kotwal, wato abin da a tsarin sarautarmu za a ce wa sarkin dogarai. A birnin Ujjain kuwa, can a tsakiyar ƙasar, wannan abin bautar ne dai, sai dai laƙabinsa ya koma Senapati, wato sarkin yaƙi, kuma abin da masu ziyara ke riƙe da shi a layi suna jiran su miƙa masa kwalbar barasa ce. Waɗannan biyu su ne mafiya shahara a cikin ɗakunan bautarsa a Indiya, kuma da yake suna da nisa da juna, da wuya mai ƙarancin lokaci ya haɗa su a tafiya ɗaya.

Wannan bayani na wanda ya riga ya samu kansa a Indiya ne, ko yake shirin zuwa: ɗalibin da ya samu hutun zango, ko ɗan rakiyar majinyaci da likita ya ba su tazarar kwanaki kafin su koma asibiti, ko ɗan kasuwar da ya gama sayayya yana jiran ranar jirgi, ko mai nazarin addinai da tarihi da ya gaji da karanta abu a takarda. Yawancin irin waɗannan mutane daga cikinmu Musulmi ne, wasu Kirista ne, kuma abin da zai kai su shi ne gani da ido da neman sani. Saboda haka ma'auninmu ya sha bamban da na mai ziyarar ibada. Shi yana tambayar wurin da ya fi daraja a aƙidarsa, mu kuwa muna tambayar inda mutum zai iya tsayawa ya kalla da kyau ba tare da an shafa masa wani abu a goshi ko an ɗaura masa zare a hannu ba, da kuma abin da zai samu a madadin kuɗin mota da wahalar hanya.

A aƙidar Hindu, Bhairav siffar fushi ce ta Shiva, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, kuma ma'anar sunan ita ce mai ban tsoro. Labarin da littattafansu ke bayarwa shi ne, Brahma, wani babban abin bautarsu, ya yi girman kai a wata gardama ta fifiko, sai Shiva ya fito da Bhairav, shi kuma ya sa farce ya tsinke ɗaya daga cikin kawunan Brahma guda biyar. Da yake wannan kisa yana cikin mafiya girman zunubi a wurinsu, sai ƙoƙon kan ya manne masa a tafin hannu, ya yi ta yawon bara da shi, bai faɗi ba sai da ya taka ƙasar Banaras, a wani wuri da har yau ake kira Kapalamochana, wato inda ƙoƙon kai ya saki. Wannan ne ya sa ake zana shi baƙi ƙirin, da manyan idanu da haƙora a waje, riƙe da ƙoƙon kai da mashi mai baki uku da wata 'yar ganga mai siririn ƙugu kamar kalangu, ga kare a gefensa a matsayin abin hawansa. Mai laifin da aka wanke shi ne ya koma mai tsaron gari da hukunta masu laifi, kuma suna lissafa masa siffofi takwas da aka raba wa kusurwoyi takwas. Duk wanda ya riƙe wannan labari zai gane dalilin da ya sa karnuka ke kwance a ƙofar ɗakunan bautarsa babu mai korarsu, har ma ana saya musu abinci.

Banaras tana jihar Uttar Pradesh. Sunan da za a gani a tikitin jirgi shi ne Varanasi, masu ibada kuma suna kiranta da wani tsohon suna, Kashi, wanda kunnen Bahaushe ba zai yi marhabin da shi ba, shi ya sa zan tsaya a kan Banaras. Daga Delhi akwai jirgin sama na kusan sa'a ɗaya da rabi, filin jirgin kuma yana Babatpur, kimanin kilomita 25 daga tsakiyar gari. Akwai kuma jirgin ƙasa mai sauri na Vande Bharat, wanda ya fara aiki a kan wannan hanya a watan Fabrairun 2019, yana cinye tafiyar a cikin kusan sa'o'i takwas. Isa garin abu ne mai sauƙi, wahalar tana farawa ne bayan an sauka. Ɗan adaidaita sahu zai ajiye mutum a bakin titi ne kawai, domin lungun da ke zuwa ɗakin bautar bai fi mutum biyu su gifta juna ba, ga babura suna kutsawa, ga shanu da ba a taɓawa, ga masu sayar da furanni da man tsiron mastad da baƙin zare a kowane gefe suna kiran mai wucewa ya ajiye takalminsa a wurinsu. Wanda ya saba da lungunan cikin birnin Kano ba zai ruɗe ba, amma zai ga cunkoson da ya ninka wanda ya sani.

Ɗakin da kansa ƙarami ne, har mai zuwa da tunanin zai ga katafaren gini zai iya jin an rage masa. Ana shiga ta wata ƙunƙuntar ƙofa zuwa wani ɗan tsakar gida, ɗakin gunkin yana tsakiya, kuma masu hidimarsa ne kawai ke shiga ciki. Abin da ake hangowa daga bakin ƙofa fuskar azurfa ce, sauran jikin an lulluɓe shi da mayafi da sarƙoƙin furanni, ga hayaƙin fitilun mai da na turaren wuta, ga ƙararrawa ana bugawa babu tsayawa, ga mutane suna ɗaga murya da "Har Har Mahadev", wato kirarin Shiva. Wannan hangowa ta 'yan daƙiƙu ita suke kira darshan, kuma dominta aka sha layi. Sai dai abin da ya fi shafar mai kallo yana rumfunan da suka kewaye tsakar gidan, inda wasu masu hidima ke zaune kowanne da damin gashin ɗawisu a hannu. Da zarar mai ziyara ya sunkuyo, sai a kaɗa masa gashin a ka da kafaɗu da baya ana karanta wasu kalmomi, sannan a ɗaura masa baƙin zare a wuyan hannu, wanda suka yi imani yana kare mutum daga kambun baka da cuta, a shafa masa baƙin mai ko toka a goshi, shi kuma ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Ana yin wannan cikin sauri, kuma ba a tsayawa tambayar addinin kowa. Wanda ya bi layi ya shiga, to hannu zai miƙo gare shi, sai dai ya ɗaga tafinsa ya ce "nahi", wato a'a, ya wuce. Ba a tilasta wa mutum, amma wurin ya yi ƙanƙanta da a samu kusurwar da za a jingina a yi kallo a natse, musamman ranakun Lahadi da Talata da jama'a suka fi yawa.

To mene ne zai sa a sha wannan matsi? Dalilin shi ne a Banaras ne matsayin Bhairav ya fi fitowa fili, har ya shiga rayuwar garin ta yau da kullum. Mutanen garin suna cewa babu mai zama a birnin sai da izininsa, kuma suna da aƙidar cewa wanda ya mutu a nan ba ya faɗawa hannun Yama, abin bautarsu na mutuwa, Bhairav ne ke yi masa gajeren hukunci mai tsanani kafin ya tsira. Mai son ya ga inda wannan aƙida ta kai sai ya gangara zuwa matakalar Manikarnika da ke bakin kogin, inda ake ƙone gawarwaki dare da rana, inda kuma ɗaukar hoto babban laifi ne a idon mutanen wurin. Har siyasa ba ta tsallake Kotwal ba. Firaministan Indiya Narendra Modi, wanda ke wakiltar Banaras a majalisar ƙasa tun 2014, ya fara tsayawa a wannan ɗaki ranar 13 ga Disamban 2021 kafin ya je buɗe sabuwar harabar ɗakin bautar Kashi Vishwanath, kuma ya zo nan kafin ya miƙa takardun takararsa a 2019 da 2024. Shi Kashi Vishwanath, babban ɗakin bautar Shiva na birnin, wanda ginin da ake gani yanzu sarauniya Ahilyabai Holkar ce ta gina shi a 1780, yana ƙasa da kilomita biyu daga nan, kuma a jikinsa Masallacin Gyanvapi yake, wanda aka gina a zamanin sarki Aurangzeb na daular Mughal, wanda kuma ake ta shari'a a kansa. Tsaro a wannan yanki yana da tsanani, ana neman fasfo daga baƙo, ana kuma karɓar waya a ajiye.

Akwai wani wuri a Banaras da masu yawon buɗe ido ba su cika zuwa ba, wanda a ganina ya fi kowanne amfani ga mai karatu irin namu. A gefen arewa maso gabashin birnin akwai Lat Bhairav, guntun wani tsohon ginshiƙin dutse da aka lulluɓe da tagulla, wanda Hindu ke ɗauka siffa ce ta Bhairav, kuma yana tsaye ne a kan dandamalin da Musulmin unguwar ke sallah a kai. A shekarar 1809 an yi mummunan rikici tsakanin ɓangarorin biyu, a nan ne aka karya ginshiƙin, abin da ya rage shi ne ake gani yau. Fili ne buɗaɗɗe, babu layi a yawancin ranaku, kuma mutum zai iya tsayawa ya ga yadda al'umma biyu suka shafe ƙarnuka suna raba taku ɗaya na ƙasa, wani lokaci lafiya, wani lokaci da jini. Wannan yana tuna mana cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin Musulmi ne, da yawansu masaƙa ne, su ne ke saƙa tufafin siliki na sari da sunan Banaras ya yi fice a kansu. Saboda haka masallaci da naman halal ba abin wahala ba ne a unguwanni irin su Madanpura. Idan aka ƙara da Sarnath, inda Buddha, wanda ya kafa addinin da ake kira da sunansa, ya yi wa'azinsa na farko, mai nisan kimanin kilomita 10, da Jami'ar Banaras Hindu da aka kafa a 1916, da taron fitilu na kowace magariba a matakalar Dashashwamedh wanda ake iya kallo daga cikin kwalekwale ba tare da an kusanci kowa ba, za a ga cewa kwana uku ba za su isa ba.

Ujjain tana jihar Madhya Pradesh, a bakin Kogin Shipra, kuma ba ta kai rabin Banaras yawan jama'a ba. Babu jirgin sama na fasinja da ke sauka a garin, ana sauka ne a Indore, mai nisan kimanin kilomita 55, a ƙarasa a mota ko jirgin ƙasa. Wanda yake Mumbai kuma zai iya hawa jirgin ƙasa da dare ya wayi gari a Ujjain. Ɗakin Kal Bhairav yana wajen gari ta arewa, a unguwar Bhairavgarh, kuma abin hawa yana kai mutum kusa da ƙofa. A nan akwai sarari, akwai hasumiyar fitilu ta dutse a harabar, kuma gunkin dunƙulen dutse ne mai siffar fuska da aka yi wa shafen jan garin nan da matan aurensu ke sawa a tsagar gashi, an ɗora masa rawani irin na Maratha, mutanen yammacin Indiya da suka taɓa mulkar yankin. Mai ziyara yana zuwa da ɗan kwando mai ɗauke da furanni da kwakwa da kwalba, ya miƙa wa mai hidima. Shi kuma sai ya buɗe kwalbar, ya tsiyaya a wani ɗan faranti marar zurfi, ya kai bakin gunkin inda akwai wata 'yar tsaga, ya ɗan karkata shi, kafin a ƙifta ido farantin ya bushe. Abin da ya rage a kwalbar sai a mayar wa mai ita a matsayin prasad, wato rabon albarka a wurinsu. Haka ake yi tun safe har dare, kwalba bayan kwalba, warin barasa kuma ya cika wurin. Masu imani suna cewa Bhairav ne ke sha, masu shakka suna cewa akwai rami ko dutsen ne ke tsotsewa, masu hidimar kuma sun musanta cewa akwai wani rami.

Tushen wannan al'ada yana cikin tafarkin Tantra, wata hanyar bauta ta asiri, inda barasa take ɗaya daga cikin abubuwa biyar da ake miƙawa, kuma Ujjain tsohuwar cibiya ce ta ɗariƙun da suka bi wannan tafarki. An tono gumaka a wurin na zamanin daular Paramara, tsakanin ƙarni na 9 da na 13, amma ginin da ke tsaye yana ɗauke da salon Maratha. Rawanin ma yana da labarinsa: ana cewa bayan da sarkin Afghanistan Ahmad Shah Abdali ya murƙushe rundunar Maratha a yaƙin Panipat na uku a 1761, sarkin yaƙi Mahadaji Shinde, wanda ya tsira da rauni, ya zo ya ajiye rawaninsa a nan yana roƙon nasara, bayan ya farfaɗo da ƙarfinsa kuma ya gyara ɗakin. Wani canji na kusa da ya kamata a sani shi ne, a da akwai kantunan barasa a bakin ƙofa da izinin gwamnatin jiha, amma daga 1 ga Afrilun 2025 gwamnatin Madhya Pradesh ta hana sayar da barasa a garuruwa da yankuna 19 masu alfarmar addini, har da Ujjain. Miƙa barasar ga gunkin bai tsaya ba, sai dai masu ziyara na zuwa da ita ne daga wajen gari. Baƙo ya yi hankali da duk wanda ya raɓo shi yana tayin kwalba a ɓoye.

Bayan wannan kallo, abin da Ujjain ke da shi ya fi karkata ga ibada zalla. Babban abin da ke kawo jama'a shi ne ɗakin Mahakaleshwar, ɗaya daga cikin wurare 12 mafiya tsarki na Shiva, inda ake hidimar toka da misalin ƙarfe huɗu na asuba ga waɗanda suka yi rajista tun da wuri. Tun da aka buɗe sabuwar harabarsa ranar 11 ga Oktoban 2022 baƙi suka ƙaru ƙwarai, kuma da yake yawancinsu sai sun biya ta wurin Kal Bhairav suke ganin ziyararsu ta cika, layin nan ma ya yi tsawo. Mai sha'awar ilimin taurari zai ji daɗin gidan auna sararin samaniya da sarki Jai Singh na Biyu ya gina a shekarun 1720, domin ta kan Ujjain tsofaffin masana lissafin Indiya suka ja layin da suke auna lokaci da shi. A Bhairavgarh ɗin kuma akwai masu rini da ke zana kakin zuma a jikin yadi kafin su tsoma, sana'ar da duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata zai so ya leƙa. Da wannan dai an kusa gamawa, yini ɗaya da kwana ɗaya sun wadatar.

Idan aka ɗora su a kan ma'aunin da muka ɗauka tun farko, Ujjain ta fi sauƙin kallo. Masu shafa wa goshi suna kan hanyar shiga ne, ana iya wuce su, kuma layin yana bi ta gaban gunkin a tsakanin shingayen ƙarfe, mutum ya gani ya fita hannunsa a aljihu. Sai dai abin da za a kalla ɗin barasa ce, kuma akwai wanda zuciyarsa ba za ta yarda ya tsaya a inda ake tsiyaya ta ba ko da bai taɓa ba. Wannan ya san kansa, kada ya ɓata kuɗin motarsa. A Banaras matsin ya fi, hannayen da ke miƙowa sun fi yawa, 'yan kan-ta-waye da ke maƙale wa baƙo suna cewa su jagorori ne su ma sun fi yawa, kuma baƙar fata yana jan ido a duk wuraren biyu, har a riƙa roƙon a ɗauki hoto da shi. Amma Banaras ta saba da baƙi daga kowace nahiya, ana samun mai jin Turanci a ko'ina, kuma masaukai da yawa suna karɓar ɗan ƙasar waje. Wannan batu na masauki ba ƙarami ba ne, domin dokar Indiya ta wajabta wa mai masauki ya cike takardar rajistar duk baƙon ƙasar waje, kuma ƙananan masaukai da ba su saba da hakan ba sukan ce babu ɗaki. A Ujjain, inda kusan duk baƙin 'yan ƙasa ne, abin da ya fi hikima shi ne a kwana a Indore a yi sammako. Abinci a kewayen wuraren bautar garuruwan biyu na ganye ne da wake da madara, mai neman nama sai ya nufi unguwannin Musulmi.

Wanda ba zai iya barin Delhi ba saboda majinyaci ko ƙarancin guzuri yana da mafita a cikin gari. A bayan ganuwar Purana Qila, wata tsohuwar fada, kusa da tashar jirgin ƙasan cikin gari ta Supreme Court, akwai ɗakin Kilkari Bhairav, inda ake miƙa barasa, kusa da shi kuma akwai na Dudhiya Bhairav, inda madara ake kaiwa. Ranar Lahadi ce ranar cikarsu, mabarata da mashaya kan taru a waje suna jiran ragowar kwalabe, don haka ranar aiki da safe ta fi. Wurin ba shi da kwarjinin Banaras ko na Ujjain, amma sa'o'i biyu sun isa, kuma a cikin ganuwar akwai masallacin Qila-i-Kuhna na sarki Sher Shah Suri, na shekarar 1541, wanda shi kaɗai ya isa a fito dominsa.

Da a ce kallo ne kaɗai abin dubawa, da Katmandu ta ƙasar Nepal ta kere su duka. A dandalin tsohuwar fadar Hanuman Dhoka akwai Kal Bhairav da aka sassaƙa a jikin dutse, tsayinsa ya haura mita 3, yana da hannuwa shida, da sarƙar kawunan mutane a wuya, yana taka gawa, an yi masa fenti baƙi da ja da ruwan ɗorawa. A fili yake, babu rufi, babu ƙofa, babu layi. Mutum zai sayi tikitin shiga dandalin da ake karɓa daga baƙi, ya tsaya nesa ko kusa yadda ya ga dama. Sarki Pratap Malla ne ya kafa shi a nan a ƙarni na 17, kuma an daɗe ana kawo mutane gabansa su yi rantsuwa, bisa imanin cewa wanda ya yi ƙarya a wurin zai yi aman jini ya mutu. A kusa da shi akwai wata ƙatuwar fuskar Swet Bhairav da ke ɓoye a bayan tagar katako, ba a buɗe ta sai lokacin bikin Indra Jatra a wajen watan Satumba, inda ake zuro giyar shinkafa ta bakinta matasa suna rububin sha. Dandalin yana cikin wuraren tarihi na Kwarin Katmandu da UNESCO ta sa a jerinta a 1979, kuma ya yi babbar asara a girgizar ƙasa ta 25 ga Afrilun 2015, amma wannan dutse yana nan. Matsalar takarda ce. Nepal tana ba 'yan ƙasashe da yawa biza a filin jirgi, amma masu fasfon Najeriya da Ghana da Kamaru sun daɗe a jerin waɗanda sai sun nema daga ofishin jakadanci kafin su taso, kuma wanda bizarsa ta Indiya ta shiga sau ɗaya ce, idan ya fita ba zai komo da ita ba. Ɗan rakiyar majinyaci kada ma ya fara wannan lissafi.

Lokacin tafiya yana iya sauya zaɓin gaba ɗaya. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yakan haura digiri 40 a Banaras da Ujjain, kuma da yake ba a shiga da takalmi, daɓen dutse yana ƙona tafin ƙafa. Daga Yuli zuwa Satumba damina ce, Ganga takan cika ta shanye matakalai, a dakatar da kwalekwale, wanda ke nufin rabin daɗin Banaras ya tafi. A cikin wannan tsakani ne kuma watan Shravan yake, lokacin da masu bautar Shiva ke cika garuruwan biyu, musamman ranakun Litinin. Daga Oktoba zuwa Maris ne lokacin da ya fi, sai dai hazon Disamba da Janairu yakan jinkirta jiragen sama da na ƙasa a hanyar Delhi zuwa Banaras, abin da ya kamata mai ranar ganin likita ya sa a lissafi. Babban bikin Bhairav yana faɗowa ne a Nuwamba ko farkon Disamba, ranar takwas ga raguwar wata a watansu na Margashirsha. Mai nazari zai so ranar, mai neman natsuwa kuma ya kauce mata. A shekarar 2028 Ujjain za ta karɓi taron Simhastha na wankan ibada a kogi, da ake yi duk shekara 12, wanda na baya aka yi a 2016, kuma miliyoyin mutane ne ke zuwa.

Ni dai idan aka ce in zaɓa wa wanda zai fara, kuma yana da kwana uku, Banaras zan ce, duk da cewa ɗakin Kal Bhairav ɗinta shi ne mafi wuyar kallo a cikin waɗanda aka ambata. Ko da mutum ya isa bakin ƙofa ya ga matsin ya fasa shiga, bai yi asara ba, domin lungun da masu zare da karnukan da ke kwance sun riga sun nuna masa rabin abin, ga Lat Bhairav da bakin kogi suna jiransa. A Ujjain kuwa, wanda ya fasa shiga ya yi tafiyar banza, saboda abin da ya zo gani yana cikin farantin nan ne. Ita ta fi dacewa da wanda yake Mumbai ko Indore, ko wanda ya riga ya ga Banaras yana son ya kwatanta. Duk inda aka zaɓa, a je da sassafe a ranar da ba Lahadi ba, a sa tufafi masu rufe jiki, a riƙe canji na mai ajiyar takalmi, kada a ɗaga waya a gaban gunki sai an ga alamar izini, kuma idan aka miƙo prasad ba a son karɓa, a ɗora hannu a ƙirji a ce "nahi chahiye", wato ba na buƙata, a ci gaba da tafiya tare da layi.